Farar Riga da Tsohon Babur a Dubai

Kano, kafin asuba

Jirginmu sai bayan azahar zai tashi, amma tun kafin kiran sallar farko na gama shiri, ina zaune a bakin gado da takalmi a ƙafa. Maiɗakina Hajara ta ɗago kai ta ce, "Malam, jirgin nan fa ba motar Wudil ba ce, da za ta cika ta tafi ta bar ka." Na ce mata ita ba ta san halin direbobi ba. Ina idar da sallah na tare mai adaidaita sahu, sai filin jirgi. Na tarar ko masu shara ba su gama aikinsu ba.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Garba, bakaniken babur ne ni, rumfata tana bakin titi a Rijiyar Lemo. Wanda ya tayar da ni kuwa ƙanena ne Nura, da yake aikin kwamfuta a wani kamfani a Dubai. A farkon shekarar 2018 ya bugo mini waya yana ta zumuɗi, wai ya sayi wani tsohon babur na tsere, ɗan Japan, wanda ya fi shekara ashirin a ajiye ba a tayar da shi ba. Ya ce, "Yaya, na turo maka biza da tikiti. Babu wanda zai taɓa mini shi sai kai."

Na yi murna, ba zan ɓoye ba, amma murnar ba ta kwana ba tsoro ya shigo. Tun rasuwar mahaifinmu, da sifana na yi wa Nura makaranta har ya gama jami'a. Yanzu yana zaune da likitoci da manyan ma'aikata, masu yin Turanci ko a cikin barci. In je musu da baƙin farce da warin fetur, a ce wannan ne yayan Nura? Babur bai taɓa ba ni tsoro ba. Tsorona ɗaya ne, kada in kunyata yaron nan a gaban abokansa. Shi ya sa tun da saura mako guda nake jiƙa hannuwana a ruwan sabulu da lemon tsami, har Hajara ta fara ɓoye lemon.

A wurin binciken kaya na'ura ta yi kuka a kan jakar hannuna. Jami'in ya zazzage ta, ga sifanoni, ga filaya, ga tsohon sukudirebana mai ƙonannen mariƙi.

"Malam, jirgin za ka kwance mana a sama?"

"Kayan aiki ne."

"Mene ne aikin naka?"

Na waiga na ga layin da ke bayana, duk masu manyan riguna. Sai na ji bakina ya ce, "Injiniya."

"To Injiniya, koma ka zuba su a babbar jaka."

Ranar na fara jin an kira ni da sunan, kuma wallahi ya yi mini daɗi a kunne.

Addis Ababa zuwa Dubai

A Addis muka sauya jirgi. Ban ga garin ba sai ta gilashi, abin da na gani da kyau shi ne sanyi. Na sayi wani gahawa a ɗan mitsitsin kofi, ɗacinsa ya kusa maido ni Kano. A jirgi na biyu an zaunar da ni daidai fiffike, na kasa kunne ga injin har muka sauka. Ban ji wani abin zargi ba, na yaba wa wanda yake kula da shi.

Gari na wayewa muka isa. A wurin duba fasfo wani saurayi mai farar jallabiya ya ce in kalli na'ura, ni kuwa na gyara hula na yi mata murmushi. Ya ce, "Ido, habibi, buɗe ido." Na zare su sosai har shi ma ya yi dariya, ya buga hatimi ya ce, "Yalla."

Nura yana tsaye a bakin ƙofar fita. Ya yi ƙiba, ya yi haske, ya rungume ni har hulata ta faɗi. Muka shiga jirgin ƙasansu wanda ba shi da direba. Na je har gaba na duba da idona, babu kowa sai wata mata tana cin biskit. Ban saki ƙarfen da na riƙe ba sai da muka sauka a Al Rigga.

Al Muraqqabat

Gidan su Nura dogon bene ne. Hawa huɗu na ƙasa duk na ajiye motoci ne, da hanya mai murɗewa kamar katantanwa tun daga titi har sama, mutane kuma suna zaune a bisan motocinsu. Su uku suke haya tare, amma ɗayan ya tafi hutu gida, ni na gaji gadonsa. Wanda na tarar shi ne Dokta Bashir, likitan haƙori, ɗan Zariya, mai yawan dariya da yawan ci.

Ya taso da sauri ya miƙo hannu biyu. "Ashe kai ne Yaya Garba! Mun sha labari."

Na ba shi 'yan yatsu uku na janye, na cusa hannun a aljihu. Na ce, "Injiniya Garba."

Dokta ya kalli Nura. Nura ya kalli ƙasa. Ni kuwa na ce a raina, ka gani ko, yaron ya ji daɗi, na rufa masa asiri.

Al Ras

Washegari da safe muka nufi Al Ras, tsohuwar unguwa a bakin ruwa, inda ake sayar da kayan ƙamshi da kayan yaji buhu-buhu. Lungunanta sun tuna mini da cikin kasuwar Kurmi, sai dai babu kwata. A can muka haɗu da Isufu, ɗan Maraɗi, mai harkar kago, wato jigilar kaya zuwa ƙasashe, wanda shi ya gano babur ɗin lokacin da ya je sayen kanumfari. Dogo ne siriri, waya biyu a hannu, kowacce tana ƙara.

Ya tarbe ni da Hausarsu mai surkin Faransanci, ya ce, "Patron, sannu da hanya! Moton nan hwa, bon, in ka tashe shi ni da kaina zan yi maka kirari."

Mai shagon da babur ɗin yake ciki wani dattijo ne, Hajji Abdurrahim, mai jan gemu da carbi. Ya ba mu shayi, Nura yana fassara mana. Ya ce ɗansa ne ya sayi babur ɗin yana saurayi, ya hau shi 'yan watanni ya faɗi, uwar ta rantse ba zai sake hawa ba. Aka tura shi bayan sito, buhuna suka bi ta kansa. Yanzu ɗan ya yi tumbi, ko kujera sai ya duba kafin ya zauna.

Sai da ma'aikata suka ɗage buhunan busasshen lemo da na citta sannan muka gan shi. Jama'a, na ga babura a rayuwata, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Ja da fari, silinda huɗu, kafireto huɗu, hannunsa can ƙasa yadda mai tuƙi sai ya kwanta a kan tanki. Duk ƙurar da ke kansa ba ta ɓoye kyansa ba. Na ji ƙirjina yana bugawa kamar ranar da aka kai ni gaisuwar surukai.

Na hau, na kai ƙafar dama inda kik yake a kowane babur na duniya, na taka. Iska na taka. Na sake, iska. A karo na uku takalmina ya fice ya faɗa buhun barkono.

Nura ya matso ya ce a hankali, "Yaya, ba shi da kik. Maɓalli ne."

"Na sani. Tsayinsa nake aunawa."

Da a rumfata ne, da tuni na tsoma yatsa a baƙin mai na shinshina, na ɗan taɓa a harshe, in gaya maka tarihin injin tun daga haihuwarsa. Yatsan har ya kama hanya na tuna ko ni wane ne yanzu, na mayar da shi aljihu. Na buɗe akwatin iska kawai, na tarar ɓeraye sun yi gida a ciki, sun tara kanumfari da ɓawon lemo. Na gyara murya na ce, "Sai an yi bincike."

Tayoyin sun kwanta sun bushe, ba ya turuwa. Aka kira masu kura biyu 'yan Pakistan suka ɗora shi a kai, suna ta "shwaiya, shwaiya," wato a hankali, a hankali. Muka bi lungu da shi, ni a gaba, Turawa masu yawon buɗe ido suna ɗaukar mu hoto. A bakin titi muka loda shi a a-kori-kurar Isufu, sai gida. Nura ba shi da mota, amma yana da wurin ajiye mota a hawa na huɗu, can muka sauke shi. Kafin mu juya maigadi ya iso, wani ɗan Nepal gajere mai fara'a, ya ɗaga yatsa ya ce a nan babu gyara, babu zubar da mai, doka ce. Isufu ya dafa ƙirji ya ce ajiya ce kawai, ya rufe shi da tampol.

Bur Dubai, ta ruwa

Ana buƙatar fulogi, batir, tayoyi da 'yan robobi. Isufu ya ce ya san wani Ba'indiye a ƙetaren ruwa wanda ba ya zubar da komai. Muka shiga kwalekwalen katako mai inji da suke kira abra, dirhami ɗaya kowane kai. Mutane suna kallon tsuntsaye da dogayen gine-gine, ni kunnena yana kan injin. Zoben fistin ɗinsa ya cinye, ko kurma zai ji. Na miƙe zan je in gaya wa direban, kwalekwalen ya karkata, wata mata ta yi ihu.

Isufu ya jawo rigata. "Patron, zauna! Ni ban iya ruwa ba, Maraɗi ba mu da teku."

Ba'indiyen yana da ɗan shago a bayan kasuwar yadi, kaya har rufi. Ya ji sunan babur ɗin ya lumshe ido, ya hau tsani ya sauko da kusan duk abin da muka nema. Sannan ya ajiye wata 'yar kwalba da ƙullin robobi a kan tebur ya ce na birki ne, bayan shekara ashirin dole a sauya. Na ture su gefe. A rumfarmu ba a taɓa birkin abin da bai tashi ba. Inji tukuna, in ya yi magana sai a zo kan maganar tsayawa. Haka na koya, haka duk layinmu suke yi, kuma ba a taɓa samun matsala ba, domin baburanmu ko birki ya ƙi, ƙafa tana nan.

A hanyar komowa ta cikin kasuwar yadi na hango wata farar riga doguwa a shagon tela, mai aljihu uku da maɓallai har gwiwa. Na tsaya cak.

Isufu ya ce, "Wagga ai ta masu aski ce."

"Ta injiniyoyi ce. Kai kago ka sani."

Na saye ta, na ƙara da biro biyu na soke a aljihun sama. Muka ci shinkafar biriyani a wani ɗan gidan abinci, muka kora da shayin karak mai kauri. Shinkafar ta yi, amma yajinsu ba shi da alkibla.

Hawa na huɗu

Daga nan rayuwata ta rabu biyu. Da safe in Nura da Dokta sun fita aiki, sai in tuɓe daga ni sai singileti, in shige ƙarƙashin tampol in yi aiki irin na gaske. Kafin la'asar in wanke hannu har fata ta yi zafi, in zura farar riga, in tsaya kusa da babur ina latsa waya ina gyaɗa kai.

Kafireton nan huɗu sun toshe da tsohon fetur da ya zama kamar ƙaro. Maganinsu a dafa su da lemon tsami. Na duba kicin, babu tukunyar da za ta ɗauke su sai babbar nan guda ɗaya. Na dafa, na wanke ta sau uku, na mayar inda take. Ashe ita ce tukunyar da Dokta yake tuƙa tuwo a ciki duk daren Juma'a. Muka zauna ga tuwo ga miyar kuka, Dokta ya kai loma, ya tsaya, ya sake kai wata.

"Nura, daddawar nan da aka kawo mana daga gida, ta wane gari ce?"

Nura ya ƙware, ya tashi da gudu ya shige banɗaki. Ni kuwa na cinye nawa tas, na ce ban ji komai ba. Gaskiya na faɗa, bakina ya saba.

Wata safiya ina zuƙo fetur da tiyo daga galan, bakina ya cika ke nan, sai ga maigadi ya ɗaga tampol. Ya ce, "Gyara?" Na girgiza kai, kumatuna a kumbure. Ya yi murmushi, ya zaro waya ya fara nuna mini hotunan 'ya'yansa, ɗaya bayan ɗaya, da na matarsa, da na akuyarsu. Ina gyaɗa kai, hawaye na zuba. Ya ɗauka tausayi ne, ya dafa kafaɗata ya ce ni mutumin kirki ne. Yini guda ban yarda na matsa kusa da murhu ba.

Abin da ya fi damuna shi ne tambayoyin Dokta. Kullum da yamma sai ya hauro ya ce, "Injiniya, yaushe za ka ɗora sukudireba a inji ka sa kunne? Ina so in gani." Na ce a raina, wato gwada ni yake, yana so ya gano ni ɗan bakin titi ne. Na ce masa, "Wannan ai aikin da ne. Mu yanzu da na'ura muke aiki." Na saci kallon Nura, na ga ya kau da kai, fuskarsa ba daɗi. Na ƙudurta zan ƙara ƙoƙari, domin alama ta nuna rigar kaɗai ba ta isa ba.

Juma'a, daga sama zuwa ƙasa

Ana saura kwana biyu in koma na ce musu an gama. Can Juma'a ba a aiki, don haka bayan an sauko daga masallaci kowa ya hallara. Isufu ya zo da a-kori-kurarsa cike da dilolin bargo da zai kai kwantena, ya ajiye ta a ƙasa kusa da ƙofar fita, ya hauro da Hajji Abdurrahim wanda ya ce sai ya ji kukan babur ɗin da kunnensa. Har da wasu 'yan Najeriya maƙwabta da Dokta ya gayyato.

Na sa farar riga da sabon takalmi sau-ciki. Na hau, na yi bisimilla, na murɗa makulli, fitilu suka kawo. Na danna maɓalli. Ƙyas. Na sake. Ƙyas. Sitata, wadda maɓallin yake tayar da inji da ita, ta mutu murus, ita kaɗai ce ban kwance ba.

A Kano wannan ba abin magana ba ne, sai ka ce "a tura" kawai. Amma injiniya ya ce a tura? Na ciro biro na ƙwanƙwasa tanki, na ce, "Yanzu za mu shiga mataki na biyu, wanda ake kira gwajin gangara."

Isufu ya ce, "Wato mu tura."

"Ka kira shi yadda ka ga dama."

Nura da Dokta da Isufu suka kama baya. Na sa giya ta biyu, na riƙe kuloci, suka kai ni bakin gangara suka sake. Na bari ya ɗan ja, na saki kuloci. Ya yi tari, ya sake tari, sannan ya buɗe murya.

Ban san yadda zan kwatanta muku kukan nan ba. Ginin gaba ɗaya ya amsa, motocin da ke ajiye suka ɗauki jiniya a tare, hayaƙi ya turnuƙe mai ƙamshin kanumfari. Ina jin Isufu a baya yana ihu, "Ya tashi! Wallahi moto ya tashi!" Daɗi ya kama ni har na saki hannu ɗaya na ɗaga musu. Sai ga kwana ta farko. Na matse birkin hannu, ya tafi salin-alin har ya taɓa mariƙi. Na taka na ƙafa, kamar na taka auduga. Nan take fuskar Ba'indiyen nan da 'yar kwalbarsa suka faɗo mini.

Na san za ku ce me ya hana ni kashe makulli. Na yi tunanin haka a hawa na uku. Amma injin da ya yi shekara ashirin yana barci, ni na tashe shi, kuma in kashe shi da hannuna a gaban mutane? In ya ƙi sake tashi fa? Sai na yi abin da kowane ɗan Kano zai yi, na sauke ƙafafu biyu a ƙasa. To, wannan ba irin baburanmu ba ne. A hawa na biyu takalmin hagu ya yi sallama da ni. Na dama ya yi haƙuri har hawa na ɗaya, shi ma ya bi ɗan'uwansa. Rigar ta cika da iska ta tashi ta rufe mini ƙeya, biro suna ta zuba, ni kuwa ina kewaya katantanwar nan ina salati da ƙarfi, duk wanda na sani na karanta.

Ina fitowa kwanar ƙarshe na hango sandar ƙofa a rufe, maigadi a gabanta yana ɗaga hannu biyu. Bayansa titi ne, motoci na wucewa. A dama kuwa ga a-kori-kurar Isufu, bayanta a buɗe. Ban yi shawara da kowa ba. Na karya kai dama, na kwantar da babur, shi ya tafi da cikinsa, ni na tafi ta sama. Na shige cikin barguna har kafaɗa.

Da aka zaro ni ta ƙafa, abin da na fara ji shi ne injin. Yana kwance a gefe, madubi ya karye, fenti ya goge a haƙarƙari ɗaya, amma yana ta aiki abinsa. Hajji Abdurrahim ya iso ta lif yana dariya har da riƙe ciki, yana faɗin wani abu da Larabci. Daga baya aka fassara mini, wai ɗansa ma haka ya tsaya.

Ni ban ga abin dariya ba. Rigar ta yage gida biyu, ga tsohuwar singileti a waje, ga tafin ƙafa ya saɓule, hannuwana baƙi ƙirin. Mutane sun taru. Manajan ginin ya sauko, wani Balarabe mai ƙaton agogo, yana faɗa yana nuna ni, yana tambayar wane ne wannan, injiniyan wane kamfani ne. Abin da na tsallako ƙasashe ina gudu shi ne ya same ni, kuma a bainar jama'a. Na sunkuyar da kai na ce, "Nura, ka yafe ni. Na zubar maka da mutunci."

Nura ya kama hannuna, baƙin nan, ya ɗaga shi sama, ya yi wa manajan magana da Turanci, sannan ya maimaita da Hausa da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Ba injiniyan kowa ba ne. Yayana ne. Bakanike ne a bakin titi a Kano, kuma da hannun nan ya yi mini makaranta. Duk abin da ya lalace ni zan gyara."

Dokta ya durƙusa yana duba ƙafata, yana dariya. "Yaya, mu fa bakaniken aka yi mana alkawari. Shekara biyu Nura yana cika mana kunne, yayana yana ɗanɗana baƙin mai, yayana yana jin ciwon inji da sukudireba. Muka zaƙu mu gan ka, sai aka kawo mana wani mai rigar wanzamai. Sai yau ka iso Dubai."

Na dubi Nura. "To me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

Idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Na ɗauka kai ne kake jin kunyar sana'ar, Yaya. Abin ya yi mini ciwo, amma ba ni da bakin da zan gaya maka."

Ina zaune a kan dilar bargo, ba takalmi, na yi kuka irin wanda rabona da shi tun rasuwar Baba. Maigadi ya sake dafa kafaɗata.

Komowa gida

Manajan ya ci mu tara, ya kuma ce babur ya bar masa gini a ranar. Washegari muka kai shi wani gareji a Sharjah, garin da ke maƙwabtaka da Dubai, inda ake ba da hayar wuri. Na aika Isufu ya karɓo kwalbar nan da robobinta, na zauna a ƙasa da singileti, ƙafa a naɗe da bandeji, na gyara birki gaba da baya, na kwance sitata. Da na tashe shi na ɗora sukudireba a kan injin na sa kunne. Dokta ya roƙa shi ma a ba shi ya ji, ya saurara ya ce wallahi kamar mai ciwon haƙori. Na ce masa ya tsaya a kan bakin mutane.

Na baro Dubai da silifas ɗin Dokta, domin babu takalmin da zai shiga. Ta Addis muka sake biyowa, ban sayi gahawa ba. Na sauka Kano da rana tsaka, Hajara ta dubi ƙafafuna ta dubi fuskata, ta ce, "Jirgin ne ya tafi ya bar ka, ka biyo shi da gudu?"

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni da sauran fatar ƙafata. Ina gode wa Isufu da bargunansa, da Hajji Abdurrahim, da Dokta Bashir wanda har yau bai san abin da ya shiga tukunyarsa ba, sai in ya karanta wannan. Dokta, ka yafe.

Ranar da na koma rumfa, ina tsugune a gaban wani babur, sai ga kiran bidiyo daga Nura, Dokta da Isufu suna leƙowa ta bayansa. Suka ce in nuna musu wurin aikin. Ban goge hannu ba. Na juya wayar na bi da ita ko'ina, rufin kwanon da ke yoyo, tarin tsofaffin tayoyi, bencin da dutse ya tokare. Ina jin muryar Nura daga can yana ce musu, "Kun ga bencin can? A kansa na yi karatun jarrabawata."